Waɗanne alamomin sarauta ake sa wa zanen Sarkin Katsina?

Malam, ka ce za ka zana Sarki Muhammadu Dikko a bango, kana tambayar abin da zai nuna sarki ne, kuma na Katsina.

Fara da zamani. Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, saboda haka tutar Najeriya ba ta da gurbi a bayansa, sai 1960 aka ɗaga ta. Sandar girma kuwa ka ba shi, don a zamanin Turawa ta shigo. Da Korau kake zanawa, wato Muhammadu Korau da ya sarauci Katsina tun kafin zuwan Turawa, sanya masa ita kuskure ne babba.

Rawanin ya fito da kunne biyu, amawali ya rufe haɓa har zuwa baki, sai alkyabba a kan babbar riga. Laima ta tsaya daidai kansa shi kaɗai. In ta karkata kan wani hakimi, ka sauya wa zanen sarki ke nan. Takobi a kafaɗa ake rataya shi da hamila. Masu kwaikwayon hotunan sarakunan Turai su ke ɗaura shi a ƙugu. Dogarai su sa tufafi ja da kore, kuma kada kan kowa ya zarce na sarki.

Amma duk waɗannan akwai su a Kano da Zazzau. Abin da zai ce Katsina shi ne Gajere, takobin Korau, da Gwauron Tambari, wato tambarin sarautar Katsina, sai hasumiyar Gobarau can nesa da launin jar ƙasa. Biyu sun wadatar, kada su danne fuskar sarkin.