Digirin da ya haɗa famakoloji da fisiyoloji: wane aiki ake samu da shi?

Tambaya: Malam, na samu gurbi a wata jami'a a Ingila, kwas ɗin da ya haɗa famakoloji da fisiyoloji. Mahaifina yana ganin in na gama zan dawo Najeriya in buɗe kantin magani. Haka ne? In ba haka ba, wane aiki zan yi da shi?

Amsa: Ɗana, Allah ya sanya alheri. Amma ka zauna da Baba tun kafin a biya kuɗin makaranta, domin wannan digiri ba ya mayar da mutum mai harhaɗa magunguna, balle likita. A Najeriya hukumar kula da masu harhaɗa magunguna, wato PCN, ita ce ke ba da lasisin wannan sana'a, kuma sai wanda ya karanta famasi, wato ilimin harhaɗa magunguna, take yi wa rajista. Idan kantin magani ne burin gidanku, kwas ɗin da za ka nema daban ne.

Shi haɗin kansa ba ni da abin kushe masa. Fisiyoloji yana koya maka yadda lafiyayyen jiki yake aiki: bugun zuciya, yadda ƙoda ke tace jini, yadda jijiya ke kai saƙo. Famakoloji kuma yana nuna maka inda magani ke shiga cikin wannan aikin ya sauya shi, da yadda hanta ke sarrafa shi har ya fita. Ɗalibin da bai riƙe na farko ba, haddar sunayen magunguna kawai zai yi a na biyu. Dubi James Black, wani masani ɗan Birtaniya: malamin fisiyoloji ne kafin ya shiga kamfanin sinadarai da magunguna na ICI a 1958. Sanin yadda sinadarin adirenalin ke zaburar da zuciya shi ya kai shi ga ƙirƙiro propranolol, maganin ciwon zuciya, daga baya ya fito da cimetidine na gyambon ciki, aka ba shi kyautar Nobel a 1988.

Batun aiki kuwa, gaskiya digirin farko shi kaɗai ba ya kai mutum nesa. Da shi za ka iya samun aikin tallata magunguna ga asibitoci, ko aiki a ɗakin gwaje-gwajen bincike, ko bibiyar illolin magani bayan ya shiga kasuwa. A gida akwai NAFDAC, da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, da kamfanonin haɗa magani, sai dai gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa. Koyarwa a jami'a da jagorancin bincike sai an ƙara da digiri na biyu da na uku. A Ingila akwai kuma hanyar shiga karatun likita na shekara 4 ga masu digiri, amma gasar tana da zafi, kuɗin ma ba wasa ba.

Ni a ganina, wanda ke jin daɗin zaman ɗakin gwaji da lissafin sakamako shi ya dace da kwas ɗin nan. In kai ne, ka tambayi jami'ar ko tana tura ɗalibai shekara guda a kamfani, domin masu ɗaukar aiki suna duba wannan sosai.