Tsohon i7 na tebur da sabon i5 na laftof: wanne ne gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan shagon buga takardu a Kabuga, nakan yi katin biki da kalanda da CorelDRAW da Photoshop, kwanan nan kuma na fara karɓar haɗa bidiyon kamu da dina. Kwamfutar tebur gare ni, Dell ta hannu, mai Core i7-4790 da ram 8. Na je Farm Centre na ga laftof mai Core i5-1235U, har mun yi ciniki, sai abokina ya ce kada in yi wauta, ai i7 gaba yake da i5 ko'ina aka je, kuma nawa 3.6 ne. Don Allah in saya ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara kasuwa. Abokinka ba mugunta ya yi maka ba, abin da ya faɗa shi ne abin da rabin kasuwa suka haddace. Amma a nan bai yi daidai ba: wannan i5 ɗin ya fi i7 ɗinka ƙarfi.

Sunan i3 da i5 da i7 na firosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma matsayi ne tsakanin 'yan aji ɗaya. Yaron da ya ɗauki na ɗaya a aji uku ba za a ce ya fi wanda ya zo na biyar a aji shida ba. Ajin yana cikin lambar da ke bin sunan, shi ne 'yan kasuwa ke cewa jenereshan, ni na fi so in ce zubi. A 4790, lambar farko ce zubin, wato na 4, kamfanin Intel ya fitar da shi a 2014. A 1235U kuwa biyun farko za ka ɗauka, zubi na 12, na shekarar 2022. Shekara takwas ke nan a tsakani.

Batun 3.6 ɗin nan shi ya fi ruɗar mutane. Gigahaz ake aunawa da wannan lamba, shi kuwa yawan taku ne a daƙiƙa, ba ya gaya maka tsawon takun. Naka yana farawa daga 3.6 ya kai 4.0, na laftof ɗin yana iya taɓa 4.4 in aiki ya taso, amma ko da takunsu ya zo ɗaya, sabon ya fi cin ƙasa a kowane taku domin an sake masa tsarin ciki sau da yawa. Sannan akwai yawan hannuwan aiki. Naka ƙwaya 4 gare shi, duk iri ɗaya, suna jan layin aiki 8. Sabon ƙwaya 10 ne, sai dai ba duka ne manya ba: 2 manya, 8 ƙanana. Ka ɗauke shi kamar shagon ɗinki ana jibi sallah, oga biyu suna yanka da aikin wuya, yara takwas suna kalmasa da sa maɓalli da guga. CorelDRAW da Photoshop ogannin nan suka fi nema, kuma kowane oga a cikinsu ya fi kowace ƙwaya ta tsohon naka hanzari.

A bidiyo ma tazarar ta fi fitowa, ta wata hanyar da ba a rubuta ta a jikin sitika. Wayoyin yanzu, musamman iPhone, suna ɗaukar bidiyo da tsarin HEVC. Sabon firosesan yana da sashe na musamman a cikinsa da ke warware wannan tsari ba tare da ya gaji ba. Na 2014 ba shi da cikakken wannan sashe, da ƙarfin ƙirji yake yi, shi ya sa in ƙawayen amarya suka turo maka abin da suka ɗauka za ka ga yana tafiya yana cijewa, fanka na ihu.

To, kada kuma ka ji na yabe shi ka ɗauka babu inda yake da rauni. Harafin U ɗin da ke ƙarshen lambar yana nufin an ƙera shi don tattalin batir. Wat 15 aka tsara masa a zaman lafiya, in an matsa masa ya zabura har wat 55 na ɗan lokaci, sai zafi ya taru ya ja da baya don kada ya ƙone. Naka wat 84 aka tsara masa, ga babbar fanka da fili a cikin akwati, ya yini yana aiki bai sauka daga gudunsa ba. Don haka buɗe fayil da zane da ɗan gajeren bidiyo, laftof ya yi masa fintinkau. Amma in ka ɗora masa bidiyon awa biyu ya fitar, a watan Afrilu, cikin shago mai rufin kwano, ba wuta ba fanka, tazarar za ta ragu sosai. Yawanci ko a haka shi ne gaba, sai dai ya danganta da yadda kamfanin ya yi wa laftof ɗin hanyar iska. Laftof biyu masu firosesa ɗaya suna iya bambanta ƙwarai saboda wannan kaɗai.

Bayan hunturun bara wani ɗalibi ya kawo min tasa laftof ɗin yana cewa an cuce shi, an sayar masa da jabu. Na kwance bayanta, sai ga ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen fitar da zafi, ta yi laushi kamar audugar katifa, na zare ta ɗungurungum da tsinke. Man da ke kan firosesan kuma ya bushe ya zama kamar alli. Muka goge, muka sa sabo, kwamfuta ta dawo hayyacinta a gabansa. Ba jabu ba ce, numfashi ya gagare ta. (Ya kuma yarda cewa a kan katifa yake ajiye ta, wanda shi ne babban laifin.)

Akwai abubuwa biyu da ba ka tambaya ba amma su ma suna cikin lissafi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'idarsu daga zubi na 8 yake farawa, naka bai shiga ba. Ana yi masa dabara a ɗora, mu ma muna yi, amma dabara ce. Sai wuta: cajar irin wannan laftof wat 45 ce ko 65, ƙaramin sola ya ishe ta, kuma in an ɗauke wuta kana tsakiyar katin wani, aikinka ba ya bin iska.

Ni dai da ni ne, zan sayi laftof ɗin, amma ba zan sayar da Dell ɗin ba don abin da za a ba ka bai taka kara ya karya ba. In har yanzu tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar fayil) mai juyawa ne a ciki, cire shi ka sa SSD, sabuwar ma'ajiya mai sauri, ka ƙara ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, ya kai 16 tunda irin nata, DDR3, ya yi araha, ka bar ta a kan firinta da taifin. Sau da yawa nauyin da ake ɗora wa firosesa laifinsa, hadis ne. Kuma Dell ɗin tana da ramin da za ka soka katin girafik in ka ga dama, abin da laftof ba ta da shi, sai dai ka fara duba girman akwatin da ƙarfin abin ba da wutarta.

Ranar da za ka koma kasuwa, kada ka yarda da sitika, ana liƙa ta. A kunna maka, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka karanta cikakkiyar lambar da idonka. Ka duba ram ma a nan: 16 ka nema, kuma gara ƙwaya biyu masu 8 a kan ɗaya tilo, domin girafik ɗin Iris Xe da ke cikin firosesan ba ya sakin jiki sai da layi biyu. Wasu laftof ɗin ram ɗinsu a manne yake, ba ya ƙaruwa, ka tambaya tun kafin ka ƙirga kuɗi. In kuma aka ce wannan ta ƙare aka miƙo maka wata fil a leda mai firosesa Celeron N4020 da sunan ai ita ma sabuwa ce, mayar musu da abarsu. Ƙwaya 2 ce da ita, tsohuwar Dell ɗinka ta fi ta nesa ba kusa ba.