Lada, La'ada da Kurar da ke Shan Bugu

Wani tela daga unguwar Zango a Damagaram ya tambaya: ƙwadago da sana'a ɗaya ne?

A'a. Ƙwadago ƙarfi ake sayarwa, a biya ka da yamma, gobe sai wanda aka kira. Sana'a, wadda muka aro daga Larabci, a hannu take zama. Majemin Birni ko an raba shi da majemarsa, jimar tana tare da shi.

Wata malamar lakwal daga Sabon Gari ta ce in bambance mata lada da la'ada.

Malama, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. La'ada ta dillali ce, abin da yake samu in ciniki ya faɗa a Kasuwar Dole. Lada kuwa fuska biyu gare ta: akwai ta Lahira, akwai ta hannu, shi ya sa muke cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ladan kuɗi ne, ba addu'a ba. Abin da ke ɓata mini rai, wasu masu gida sun riƙe ma'ana ɗaya sun yar da ɗayar. Yaro ya wuni yana sauke buhuna, a sallame shi da "Allah ya ba da lada". Ai hadisi cewa ya yi a ba ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne na kuɗin sefa a wata, amma na san ƴan aikatau da ba sa ganin rabinsa, ba hutu, ba kuɗin magani. In sun yi magana sai a jefe su da "da zaman banza gara aikin kishiya". Wannan karin magana mai neman aiki ke faɗa wa kansa don ya ƙarfafa zuciya. Bai dace da bakin mai biya ba.

Wani ɗan kabu-kabu yana son ma'anar "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi".

Ɗana, in babur ɗin na wani ne, kai ke shan rana shi ke jiran kuɗin yamma, ka riga ka san ma'anar. Gardi shi ne mai wasa da kura a dandali.

Tukuici albashi ne? Wannan tambaya daga Garin Malam ta zo.

Ba albashi ba ne. Kyauta ce ga wanda ya kawo saƙo ko alheri, ba a yin cinikinta.