Sadakina A Daidaita Sahu ne, amma takardun da sunan tsohon mijina suke

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Kano ce. Ranar ɗaurin aurenmu, shekara uku da suka wuce, wakilin ango ya faɗa a gaban jama'a cewa sadakina A Daidaita Sahu ne guda ɗaya, lakadan ba ajalan ba. Mijin ya ba wani direba yana kawo balas kullum, kuɗin kuma hannun mijin suke shiga. Yanzu ya sake ni, da na nemi kayana sai ya ce takardu duk da sunansa suke, har ma lokacin da 'yan KAROTA suka kama mashin ɗin shi suka sakar wa. Shin ina da haƙƙi a kansa, kuma wace hukuma zan kai wa kuka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Idan al'amarin kamar yadda kika faɗa yake, kuma kina da shaidun da za su tabbatar da shi, mashin ɗin naki ne, kuma sunan da ke kan takardun bai isa ya raba ki da shi ba.

Sadaki dukiyar mace ce ita kaɗai, kamar yadda aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta umarta, aya ta 20 kuma ta hana miji karɓe komai daga ciki, ko da dukiya mai tarin yawa ya bayar. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na Shari'a ke bi, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne ko dirhami uku, wato zinare kimanin giram ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma ba a yi masa iyaka ta sama ba. Ba dole ne ya zama tsabar kuɗi ba, domin duk abin da ya halatta a mallaka, kuma aka san shi ainihin sani, kamar gona ko saniya ko abin hawa, yana iya zama sadaki. Mace tana cancantar rabinsa idan aka sake ta kafin tarewa, tana kuma cika mallakarsa da saduwa, ko da mutuwar ɗayansu. Ke da kika yi shekara uku a ɗakinki, babu sauran maganar rabi.

Kalmar da za ki riƙe da kyau ita ce wadda wakilin ya furta, wato lakadan. Ma'anarta an biya nan take, saɓanin ajalan, wanda bashi ne a wuyan miji zuwa wani lokaci da aka ambata. Na tsaya a kan wannan ne saboda na sha ganin miji a gaban alƙali yana juya magana, ya ce ai kyauta ya yi niyya, ba sadaki ba. Ba a banza yake yin haka ba. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa, kuma tunda mashin ɗin bai taɓa kwana a hannunki ba, yana ganin ya sami kafa. Sadaki kuwa ƙulla auren ne yake tabbatar da shi, ko kin riƙe makulli ko ba ki riƙe ba. Saboda haka a takardar ƙararki kada ki gwama shi da lefe ko toshi ko kuɗin gaisuwa, domin waɗannan hukuncinsu daban ne, al'ada tana da ta cewa a cikinsu.

Game da hukumomin da ke kula da ababen hawa, kowace da iyakar huruminta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke buga lambar abin hawa da katin lasin tuƙi, tana kuma ajiye bayanansu. Ofishin lasin na jiha, wanda ke ƙarƙashin hukumar tattara haraji, shi ke yin rajista da sabunta takardu. Jami'an VIO lafiyar abin hawa suke dubawa. KAROTA, wadda gwamnatin Kano ta kafa a 2012, aikinta tsara zirga-zirga ne da kama masu karya dokar hanya, haɗe da ba masu A Daidaita Sahu izinin aiki. Babu ko ɗaya daga cikinsu da doka ta ba ikon yanke hukunci a kan rigimar mallaka tsakanin mutum biyu. Lokacin da suka sakar masa mashin ɗin, wanda ya zo da takardu ya biya tara suka sallama, ba su tambaye shi abin da aka faɗa a wurin ɗaurin aure ba, kuma ba aikinsu ba ne su tambaya.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, takardun suna da nauyi. Abu yana hannunsa, sunansa yana kan rajista, don haka a idon alƙali ke ce mai da'awa, kuma hujja a kan mai da'awa take. Abin da zai rinjayi takardun shi ne shaidu. Ki nemi waliyyinki, da limamin da ya ɗaura auren, da mutum biyu adalai da suka ji sigar da kunnensu. Idan akwai takardar shaidar aure da aka rubuta sadakin a ciki, ko hoton bidiyo da wani ya ɗauka da waya, ki adana su tun yanzu. A sha'anin dukiya Malikiyya suna karɓar namiji ɗaya da mata biyu, suna kuma karɓar shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa, saboda haka ko an rasa wasu, ƙofa ba ta rufe ba.

Wurin da za ki kai ƙara kotun Shari'ar Musulunci ce, kuma idan hukuncin bai yi miki ba akwai damar ɗaukakawa har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumi a kan aure da saki da kyauta da gado. Hisba tana iya yin sulhu, kuma ina ba da shawarar a fara da shi idan akwai 'ya'ya a tsakani, amma sulhun ya kasance a rubuce da sa hannun shaidu. A cikin ƙarar ki nemi mashin ɗin kansa, ki kuma nemi lissafin balas ɗin da aka tara, domin amfanin dukiya na mai dukiyar ne, sai dai in ya tabbatar da cewa kin yafe masa da yardarki, za a kuma cire abin da ya kashe a gyara. Idan ya riga ya sayar da shi, ƙimarsa zai biya.

Abu ɗaya zai iya sauya wannan amsa. Idan ke kika nemi rabuwa ta hanyar hul'i, kuma kika amince da mayar da sadaki a matsayin fansa, to mashin ɗin ya koma gare shi ta wannan hanya. Kin ce shi ya sake ki, don haka wannan bai shafe ki ba.

Idan kotu ta tabbatar miki, ki karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, ki haɗa da tsofaffin takardun da katin shaidarki, ki kai ofishin lasin a canza suna, sannan ki sabunta inshora da izinin KAROTA da sunanki. Kafin nan kada ki tura 'yan'uwanki su ƙwace mashin ɗin a hannun direba, domin tsohon mijinki, da takardun da ke aljihunsa, yana iya kai ƙarar sata wurin 'yan sanda, ki koma wadda ake tuhuma.