Mayar da iskar inda likita ya sa ta, kuma kada ka bar wa Baba na'urar

Wasiƙar wannan makon daga Liyon ta ƙasar Faransa ta zo, daga wani ɗan Maradi direban babbar mota. Wata takwas ke nan likita ya gano numfashinsa na yankewa cikin barci sau 41 a awa guda, aka ba shi na'urar CPAP mai hura iska ta hanci lokacin barci, wadda Faransawa ke kira PPC. Iskar ta dame shi, yana tashi ciki a kumbure, sai ya kalli bidiyo a YouTube, ya shiga ɓoyayyen wurin saitin likita, ya rage ƙarfinta daga 11 zuwa 7. Yanzu zai zo gida wata biyu, takardar zamansa tana kan sabuntawa, kuma wansa ya ce tunda Baba ma minshari yake har maƙwabta na ji, ya bar masa na'urar ya saita masa, in ya koma Turawa za su ba shi wata. In kuma ya ƙi, to ya turo kuɗi, akwai mai kawo irinta a gari. Ya rufe da cewa: "An ce na zama Bature, ina yi wa mahaifina rowa."

Ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da lambar da ka taɓa, don ita ta fi tsorata ni.

Wannan 11 ba canke likita ya yi ba. Na'urar tana hura iska tsakanin 4 da 20, aikinta shi ne ta tokare maƙogwaro kada ya rufe idan naman wurin ya saki cikin barci. An duba naka, aka ga 11 ne ke riƙe shi a buɗe. A 7 za ka ji daɗin kwanciya, cikinka ba zai kumbura ba, har ka ce ka samu lafiya, alhali mai yiwuwa maƙogwaron ya koma rufewa kana barci ba ka sani ba. Wanda numfashinsa ke yankewa fiye da sau 30 a awa, nasa mai tsanani ne, kai kuwa 41 aka ƙirga maka. Kuma kai direba ne. Gyangyaɗin daƙiƙa uku a kan babbar hanya da mota cike da kaya, ka fi ni sanin abin da yake haifarwa. A Faransa direban babbar mota mai wannan lalura sai likitan da hukuma ta amince da shi ya gamsu cewa maganin na aiki kafin permi, wato lasisin tuƙi, ya ci gaba. Na'urar kuwa ba ta rufa asiri: kowane dare tana rubuta awannin da ka yi da ita, da ƙarfin iskar, da yawan yankewar da ta rage. Ranar da aka buɗe wannan rahoto, hanyar cin abincinka ce ke cikin haɗari.

To yau ɗin nan ka kira kamfanin da ya kawo maka ita, ka gaya musu gaskiya. Ba kai ne na farko ba, ba kuma za su cinye ka ba. Kumburin cikin da kake fama da shi sananne ne, iska kake haɗiya, kuma yana da gyara a hannun likita: ko ya sa na'urar ta riƙa hawa da sauka da kanta tsakanin lambobi biyu, ko ya kunna saitin da ke sassauta iskar lokacin da kake fitar da numfashi, ko a canza maka abin rufe hancin. Sau da yawa ma ba sai ka je ba, daga nesa suke gyarawa. Kada kuma ka ce bari ka haura 11 don ka rama abin da ya wuce. Iskar da ta yi yawa tana sa yoyo, tana kuma iya jawo wa wasu wani nau'in yankewar numfashi daban.

Akwai abin da yake naka, ka taɓa shi yadda kake so. Lokacin da iskar ke ɗauka tana hawa a hankali har barci ya kwashe ka, naka ne. Ɗumin ruwan da ke jiƙa iskar, naka ne: in hanci ya bushe ka ƙara, in ruwa na taruwa a tiyo ka rage. Ɗaurin abin hancin ma haka, kuma yawancin mutane matse shi suke yi fiye da kima, su tashi da shaida a karan hanci, yoyon bai daina ba. Kowace safiya ka duba allon. In yankewar ta tsaya ƙasa da 5 a awa, lafiya lau. In ta haura ta zauna kwana da kwanaki, waya za ka ɗauka, ba maɓalli ba.

Sai maganar gida, kuma a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Abin da wanka bai sani ba, ko bai so ya sani ba, shi ne na'urar ba taka ba ce. Haya ce. Ta kamfanin ce, inshorar lafiya ke biyan kuɗinta, kuma tun 2018 biyan yana tafiya ne da amfani: awa 112 cikin kwana 28, wato awa huɗu a dare, shi ne mizanin. Ka bar ta a Maradi, ka koma ka ce me? Ta ɓata? Ka yi ƙarya a kan kayan mutane, kai da takardarka ke hannun hukuma? Babu wata sabuwa da ke jiranka a Liyon. Bashi ne ke jiranka, da darare babu magani.

Ina jin ciwon yadda muke yi wa 'yan ci-rani. Yaro ya tafi, yana tashi tun asuba cikin sanyin da ke fasa leɓe, yana turo kuɗin hatsi, na makaranta, na suna, na ragon layya, ba wanda ya taɓa tambayarsa ya ya kwana. Ran da ya ce ga abu ɗaya da ba zai iya bayarwa ba, ran nan ya zama Bature. Wanka da ke wannan magana, da maganin hawan jininsa aka ce ya raba biyu da Baba, zai yarda? Biyayya ga iyaye wajibi ce, ba mai musu, amma ɗaura wa dattijo maganin da ba a auna shi da shi ba ba ya cikin biyayya. Ko tabarau ba a aro, balle abin numfashi. Minshari kaɗai ba ya nuna cutar. Kuma in Baba na da ciwon zuciya, yankewar numfashinsa na iya zama irin wadda ke tasowa daga ƙwaƙwalwa, wadda lambarka ba za ta yi mata komai ba.

Abin da za ka yi wa Baba ya fi na'ura. Ka kwana kusa da shi dare biyu ko uku, ka ɗauki sautin barcinsa a waya. Ka lura ko minsharin na tsayawa cak, shiru, sannan ya zabura kamar wanda aka shaƙe. Ka tambayi Hajiya sau nawa yake tashi fitsari, ko yana tashi da ciwon kai, ko barci na sace shi a zaure ana cikin hira. A gida za a ce maka dannau ne ko gajiyar tsufa. Ka saurara da ladabi, sannan ka ɗauke shi da kanka zuwa babban asibiti ya ga likitan zuciya ko na huhu, a auna jininsa, ka kunna wa likitan sautin, ka tambaye shi inda za a yi gwajin barci. Kuɗin da za ka kashe, nan za ka kashe shi. Kafin nan ya riƙa kwanciya a gefe, kada ya yi rigingine, kuma kada kowa ya saya masa ƙwayar barci.

Mai kawo na'ura kuwa, ka guje shi. Na ga irin wannan da idona a nan garin. Wani ɗan kasuwa, ɗansa ya turo kuɗi masu yawa daga Beljiyam, dillali ya kawo na'ura a kwali mai ƙyalli ya ce sabuwa ce dal. Da muka kunna, ma'aunin awanninta ya nuna ta yi shekaru tana aiki a hancin wani, saitin wancan mutumin na nan a ciki, a tiyon kuma ga wasu baƙaƙen ɓurɓushi. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, ciki har da DreamStation ta farko, saboda soson da ke rage ƙara yana rugurgujewa mutum ya shaƙa, zafi da laima kuma suna ƙara lalata shi. Ka tuna zafin Maradi a watan Afrilu. Dillalin da ya ce maka zai saita ba tare da takardar likita ba, ka san kuɗinka kawai yake so. Wancan dillalin da na ba ka labari, wayarsa ta daina shiga tun ranar.

Takardar zama kuma, kalma biyu. Wata biyu ba zai taɓa zamanka ba. Amma ka duba ranar ƙarewar resefisenka, wato takardar shaidar neman sabuntawa, ko takardar tsawaitawar da ka sauke ta intanet, ka haɗa da tsohon katin da fasfo, ka koma da sauran kwanaki a hannu. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. In takardar ta mutu kana gida, neman bizar komawa zai kai ka wata ƙasa, aikin kuwa ba zai jira ka ba.

Kafin ka taso ka shaida wa kamfanin ranakun tafiyarka, don mai yiwuwa na'urar ta kasa aika rahoto daga nan, sai su karanta daga katin da ke cikinta in ka koma. Ka karɓi takardar likita ta tafiya, ka riƙe na'urar a hannu cikin jirgi. Ka zo da matatar iska fiye da ɗaya, ƙurarmu tana toshe ta cikin kwanaki, da ruwan kwalba don tankin, da batir saboda ɗaukewar wuta. In kana kan batir ka kashe ɗumama ruwan, shi ne ke shanye shi. Daren farko ka kira Baba da wanka ɗaki, ka nuna musu takardar hayar da sunanka a kai, ka ɗaura abin a fuska su gani, sannan ka gaya wa Baba ranar da za ku je asibiti.