Hayaniyar kasuwa tana fin ƙarfina: yaya mai lalurar galahanga za ta yi sayayya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 26, ina zaune a Kano. Likita ya tabbatar min ina da lalurar autism, wadda ake kira galahanga, amma na yi karatuna kuma ina aikina. Matsalata kasuwa ce. Da na shiga, kafin rabin awa kaina ya ɗauki zafi, na daina fahimtar abin da ake faɗa min, wani lokaci magana ta ƙi fita sai kuka. Na sha barin kayan da na riga na biya. A gida wasu na cewa iska ce, wasu na cewa in daure zan saba. Maigidana yana aiki a wani gari, sayayya ta dawo hannuna. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika kwatanta sananne ne ga duk wanda ke aiki da masu wannan lalura. Tun 2013 littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa don tantance lalurori ya sanya shi cikin alamomin galahanga: mutum ya riƙa jin ƙara, haske, wari ko taɓi fiye da yadda sauran mutane ke ji, ko ƙasa da haka. Yawanci matsalar ba daga kunne take ba. Bambancin yana wajen tacewa. Ƙwaƙwalwar yawancin mutane kan ture ƙarar janareto da surutun maƙwabtan rumfa gefe, ta bar musu muryar mai shago kaɗai. Taki tana karɓar duka a lokaci guda, kusan da ƙarfi ɗaya. Kamar ƙaramin janareto ne da aka jona masa firji, aka ƙara dutsen guga, aka ƙara hita: kowanne shi kaɗai zai ɗauka, amma idan suka haɗu sai ya mutu. Ɗaukewar maganar da kike yi wannan mutuwar ce, kukan kuma shi ne ɗaya fuskar abin.

Saboda haka shawarar "ki daure" ba mu goyi bayanta ba ko kaɗan. Wanda ake tura shi cikin hayaniya har ya kai ga rushewa ba sabo yake samu ba. Jikinsa koyon tsoron wurin yake yi, har ya fara kaɗuwa tun daga bakin ƙofar kasuwa, kuma tsoron da kansa yana ƙara kaifin ji. Aikin da ke gabanki shi ne ki rage lodin tun kafin ki shiga, ki kuma fita kafin ya cika.

Lodin yana farawa daga gida. Idan kin kwana ba barci, ko kin wuni da baƙi, ko kin yi doguwar tafiya a adaidaita sahu cikin cunkoso, kin shiga kasuwa da rabin ƙarfinki. Masu galahanga da yawa ba sa saurin gane yunwa da ƙishi a jikinsu sai abin ya yi nisa, don haka kada ki jira sai kin ji. Ki ci abinci awa ɗaya kafin fita, ki sha ruwa, ki riƙe gorar rabin lita. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, wannan ya zama dole. Ki sa tufafin da jikinki ya riga ya saba da su. Sabon leshi mai ƙaiƙayi ko hijabi mai matse haɓa yana cin ƙarfinki a hankali ba tare da kin lura ba. Ranar sayayya kuma ki bar ta ga sayayya kaɗai, kada ki haɗa ta da banki da gidan biki.

Sai lokaci. Ki shiga da hantsi, sa'ad da ake buɗe rumfuna, a tsakiyar mako. Ki guji bayan La'asar, ƙarshen wata da albashi ya shigo, yammacin azumi, da makonni biyu kafin kowace Sallah. Kayan Sallah a Kantin Kwari ki saye su tun kafin azumi, ko ki wakilta wani. A wasu ƙasashe shaguna sun ware sa'o'in shiru domin irinku: Morrisons a Ingila ta fara a 2018, ana rage fitilu a kashe kiɗa da safiyar Asabar, Walmart a Amurka kuma tun 2023 tana yin haka kullum daga ƙarfe 8 zuwa 10 na safe. A nan ke za ki nemo wa kanki sa'ar. Ki tambayi mai gadi ko mai karɓar kuɗi a babban shagon da kike zuwa wane lokaci ne mutane suka fi ƙaranci, sun san amsar sarai.

Ƙara ita ce ta fi cin mutane, don haka bari mu tsaya a kanta. A ma'aunin ƙarfin ƙara da ake kira desibel, hirar mutum biyu tana kusan 60. Daga 85 ne ake shawartar ma'aikacin da zai wuni a wuri ya kare kunnensa, kuma injin markaɗe ko lasifikar mai tallan magani kan haura haka idan kina tsaye dab da su. A fili, duk lokacin da kika ninka nisanki da abin da ke ƙara, tana raguwa da kimanin desibel 6. Wato matsawa daga taku biyu zuwa taku takwas sauƙi ne na gaske. Ki zaɓi mai tumatirin da ke nesa da layin masu markaɗe ko da kayansa ya ɗan fi tsada.

Abin toshe kunne na soso ana samunsa wajen masu sayar da kayan kariyar ma'aikata da wasu kyamis, kuma ba shi da tsada. A jikin kwalinsa za ki ga an rubuta yana rage kusan desibel 30, amma yawanci rabin haka ake samu, saboda ba a sa shi daidai. Ki murza shi da tsaftataccen hannu har ya zama siriri, ki zagaya ɗaya hannun ta bayan kai ki ja saman kunnen sama da baya, ki tura sosan, ki riƙe shi da yatsa daƙiƙa 30 har ya kumbura. Idan rabinsa yana leƙowa waje, bai zauna ba. Ƙarƙashin hijabi ko ɗankwali ba wanda zai gani. Ki sa shi kafin ki sauka daga abin hawa, domin idan kan ya riga ya ɗauki zafi amfaninsa kaɗan ne. Na'urorin sauraro na sawa a kunne (hedifon) masu kashe ƙara da batir sun fi iya maganin ƙara mai ɗorewa irin ta janareto da firji, amma hon da ihu suna ratsa su.

Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, toshewa sosai a wurin da ake buƙatar ji. A lungunan kasuwa 'yan dako suna tafe da baro suna "hanya, hanya", a bakin titi ga babura. Idan ke kaɗai ce, ki nemi irin na roba mai ƙaramar ƙofa a tsakiya, wanda ke rage ƙara amma yana barin magana ta wuce, kuma ki riƙa bin gefen layi. Na biyu ya fi ɓoyuwa: jin daɗinsa kan sa mutum ya riƙa sa shi har a gida, wuni guda. Kunnen da aka saba masa da shiru kullum yana ƙara zama mai saurin jin zafin ƙara. Ki cire shi da zarar kin bar hayaniya.

Haske ba shi da wuyar sha'ani. Tsohon dogon ƙwan fitila yana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa a irin wutarmu, wasu ƙwayayen zamani masu araha ma haka, kuma ko ido bai kama ba yana iya kawo ciwon kai. Tabarau mai ɗan duhu ya wadatar, a babban shago kuma ki riƙa duban takardar sayayyarki da kanta ɗaya maimakon ɗaga kai ki kalli layin gaba ɗaya. Wari kuwa, ki san inda 'yan kifi, mahauta, masu daddawa da masu niƙan barkono suke, ki bar su zuwa ƙarshe, dab da fita. Takunkumi yana rage shi, wasu kuma suna ɗiga ƙamshin da suka saba da shi a gefen mayafi.

Akwai lodin da ba a cika lissafawa ba, shi ne ciniki. Gaisuwa, tayi, "albarka", a ƙara, a rage, lissafin canji, mai rumfar gaba yana kiran "Hajiya zo ki gani", duk a tsakiyar ƙara. Wannan kaɗai yana iya cinye ƙarfin da kika tanada. Maganinsa ki yi kwastoma: mutum ɗaya na kayan miya, ɗaya na hatsi, ɗaya na kayan shayi da sabulu. Ki karɓi lambarsu, ki tura abin da kike so tun daga gida, a faɗa miki kuɗi, ki tura ta waya, ki je ki ɗauka kawai ko a ba ɗan sahu ya kawo. Za ki iya rasa ɗan ragin da mai zagaye ke samu, amma ya fi barin kaya a rumfa. Shinkafa, mai da sabulu ki saya na wata guda. Abin da za ki shiga saye da kanki kada ya wuce abu shida ko bakwai, a rubuce bisa tsarin yadda za ki tarar da su a hanya, uku mafi muhimmanci a sama. Idan waɗannan ukun suka shiga jaka, duk lokacin da kika fita kin ci riba.

Kin ce kafin rabin awa abin ke zuwa. To iyakarki a yanzu minti 15 zuwa 20 ce. Ki saita waya ta girgiza a minti 15, idan ta girgiza ki nufi ƙofa ko da kina jin garau. Dalili shi ne alamomin farko suna da sauƙin wucewa ba a lura ba: ki karanta abu ɗaya a takarda sau uku, muryoyi su fara cakuɗewa, haƙora su cije, tafin hannu ya jiƙe, ki ji haushin wanda ya ɗan goge ki, ko zaɓi tsakanin gwangwani biyu ya gagare ki. Biyu daga cikin waɗannan sun isa. Tun ranar farko ki nemo mafaka, ɓangaren mata na masallacin kasuwa, ko rumfar kwastomanki ta ciki, ko mota. Ki zauna ki fuskanci bango, ki sha ruwa, ki ja numfashi kina ƙirga huɗu, ki sake shi kina ƙirga shida, na minti biyar zuwa goma. Idan jikinki yana son jijjiga ko murza wani abu, ki bar shi, hanyarsa ce ta sauke lodi, kuma danne ta yana ƙara gajiya. Carbi a hannu yana wannan aikin ba tare da ya ja ido ba. Idan kin yi fita uku ko huɗu lafiya a minti 15, ki ƙara biyar. Ranar da ta ƙi, ki koma baya.

Domin lokacin da magana ta ɗauke, ki ajiye rubutu a fuskar wayarki ko a ƙaramin kati: "Ba na iya magana yanzu. Ba aljanu ba ne. A kai ni wuri mai shiru, kada a taɓa ni, a kira wannan lamba." Mun san halin mutanenmu na tausayi, nan take za a taru, wani ya riƙe ki, wani ya yayyafa ruwa, wani ya ɗaga murya da karatu a kunnenki. Niyyar mai kyau ce, amma taɓi da ƙara su ne ainihin abin da ya kayar da ke. Idan da 'yar rakiya, ki koya mata aikinta tun a gida: ta tsaya tsakaninki da mutane ta ce "a ba ta iska", kada ta jera miki tambayoyi, ta yi gaba ki bi ta, addu'a kuma a yi ta a hankali. Ku yi alama, misali ki matsa hannunta sau biyu, ma'ana mu fita yanzu ba gardama. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara ba su dama a layi, don haka neman a sallame ki da wuri a wajen biya haƙƙinki ne.

Bayan kin dawo ki ba kanki awa ɗaya ko biyu a ɗaki mai duhu-duhu kafin kowane aiki. Ki dafa abincin ranar tun kafin ki fita. Kada ki karɓi maganin barci ko na kwantar da hankali daga kyamis domin shiga kasuwa. Babu ƙwayar da ke gyara wannan tacewar, irin waɗannan magunguna kuma suna kama jiki, suna rage hankalin da kike buƙata a bakin titi.

Akwai abin da bai kamata a jingina wa hayaniya ba. Idan kina faɗuwa ki fita hayyacinki, ko jiki ya sandare ya yi karkarwa, ko ki ciji harshe, ko ki farka ba ki tuna abin da ya faru ba, ki ga likita da wuri, domin farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu galahanga fiye da sauran jama'a, kuma tana da magani. Haka idan bugun zuciya da jin kamar za ki mutu suna zuwa miki ko a wuri mai shiru, ko tsoron fita ya fara tsare ki a gida. A Kano ki fara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri. Ki nemi a haɗa ki da ƙwararren da ke koyar da dabarun gudanar da ayyukan yau da kullum. Ki tafi da rubutun fitarki ta wata guda: rana, lokaci, wuri, barcin daren jiya, abin da kika ci, mintin da alamar farko ta zo da abin da ke kusa da ke a lokacin. Idan zai yiwu ki tafi da maigida ko wata babba daga gida, su ji bayanin daga bakin likita.