Wane Makunni Ne Ke Sakin Volt Miliyan Ɗaya?

Tambaya: Salam Injiniya, ni ɗalibin lantarki ne a Kaduna. Na ga bidiyon inda ake gwada taransifoma da wata na'ura mai fitar da walƙiya kamar aradu, wai volt miliyan ɗaya. Ina suke samun wannan wutar, kuma wane irin makunni ne zai ɗauke ta bai narke ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka gani mafi yawanci janaretan Marx ne, sunan wani Bajamushe ne Erwin Marx da ya fito da dabarar a 1924, kuma kar kalmar janareta ta ruɗe ka, babu inji babu fetur, kafasitoci ne kawai aka jera hawa-hawa, 'yan uwan wadda ke cikin fankarka amma ƙatti.

Ana cika su da wutar DC a hankali ta cikin rasistoci masu rage gudun wuta, duk a faralel, wato kai da kai gindi da gindi, kowacce ta sha misali volt dubu 100. In suka cika sai a juyar da su siris a lokaci guda, kai da gindi kamar batiran tocila, to kaga in guda 10 ne ka doshi miliyan ɗaya kenan, ba ya cika cif saboda asarar hanya. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne.

Aikin yana wajen makunnin da ka tambaya, kuma amsar ita ce iska. Tsakanin kowane hawa da na samansa akwai ƙwallayen ƙarfe biyu suna kallon juna ba su taɓa ba, sai gibin iska a tsakaninsu. Iska ba ta bari wuta ta wuce, har sai ƙarfin ya kai wajen volt dubu 30 a kowace santimita, daga nan sai ta sare, tartsatsi ya tsallaka ya zama kamar waya, wutar na gama wucewa iskar ta koma yadda take. Fulogin mashin ɗinka haka yake aiki, girma ne kawai ya bambanta. Kuma ba sai ka kunna duka goman ba, na ƙasa kaɗai za ka tayar, yana tashi kafasita ta farko da ta biyu sun haɗu, gibi na biyu sai ya ga wuta kusan ninkin wadda ya saba riƙewa, shi ma ya sare, na uku ya ga fiye da haka, haka abin zai hau har sama kafin ƙiftawar ido. Shi yasa ma ake jera gibin yadda suna ganin juna, don hasken UV na tartsatsin farko yana taimaka wa sauran su tashi da wuri.

To yaya ake tayar da na farkon? Hanyar ragwaye ita ce ka yi ta ƙara caji ko ka matso da ƙwallayen har ya tashi da kansa, ni dai ba na son ta, don ba kai ke zaɓen lokaci ba iska ce ke zaɓa, ita kuma iska ba ta da alƙawari, laimar damina daban, ƙurar hunturu daban, kai gibin da ka saita a Legas in ka kai shi Jos zai riga lokacinsa tashi saboda iskar kan tudu ba ta da nauyi. Abin da ake yi a ɗakunan gwaji shi ne taragaturon: a huda ɗaya daga cikin ƙwallayen a saka siririn tsinken ƙarfe a ramin, a tsayar da cajin ƙasa kaɗan da inda gibin zai sare da kansa, sannan a aika wa tsinken bugun wuta na 'yan dubban volt. Ɗan tartsatsin da ya yi shi ke lalata iskar wurin, babban ya biyo baya. Saitin nan ne ke raba gwani da ɗan koyo, in cajin ya matsa sama da yawa na'urar ta tashi kafin ka ce tashi, in ya yi ƙasa ka danna shiru.

Masu binciken da ba sa yafe ko kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan kuwa leza suke harbawa cikin gibin, a rufe shi cikin gas mai suna SF6. Na'urar Z da ke cibiyar bincike ta Sandia a jihar New Mexico ta Amurka janaretocin Marx 36 gare ta, kuma makunnan leza ne ke sa wutarsu ta isa tsakiyar na'urar tare.

Shi gwajin da ka gani kwaikwayon aradu ne, wutar ta kai ƙololuwa cikin maikirosakan 1.2 (maikirosakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na sakan), ta sauko rabi a maikirosakan 50, kuma kayan manyan layuka irin namu na volt dubu 330 da wajen miliyan ɗayan nan ake dukan su.

Na san halin ɗalibai, in ranka ya raya maka haɗa ƙarami a gida to ka bari sai a lab gaban malaminku, kafasita tana riƙe caji bayan an ɗauke wuta, ko mu sai mun ɗora sandar atin mai zubar da cajin cikin ƙasa a kan kowacce kafin mu kai hannu.